Wane Watan Bakwai?

Tudun Wada, Gusau,
16 ga Maris, 1998.

Zuwa ga matata Zuwaira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Wasila da mutanen gidan baki ɗaya. Yaya zafin Sakkwato, yaya fama da ɗalibai? Tarin Wasila ya sake ta kuwa? Ni lafiya lau nake, alhamdu lillahi.

Ranar Asabar da ta wuce an sanar a rediyo cewa hukumarmu ta aikin gona za ta raba takin zamani a Gusau da Tsafe da Bungudu da zarar watan bakwai ya kama, kuma kwamfuta ce za ta fitar da kason kowane ƙauye. Shugabanmu, Alhaji Jibo, shi ya faɗa da bakinsa a shirin manoma. Aikin ba zai kammala a lokacin ba. Ni na ƙiyasta tsawon aikin, saboda haka na sani.

Zan yi miki bayani daga tushe, domin akwai abin da nake so ki yi mini, kuma ba na so ki yi shi a duhu.

Tun bara malaman gona suke kawo bayanan manoma ana zubawa a kwamfuta. Zubawa ba ta da wuya. Abin da aka ɗora mini, ni da Mannir injiniyan da ke kula da na'urar, shi ne tsara abin da zai riƙa fitowa daga cikinta: rahotannin da manya za su duba su yanke shawara. Kusan irin aikina ne na da a gidan jarida, inda labarai ke cika tebur, sai a zauna a tsara shafi. Alhaji yana son rahoto iri goma sha biyu. Na rabon taki ɗaya ne a cikinsu.

Bayan ƙaramar salla ya ce in gaya masa yaushe za a gama. Na zauna da Mannir muka yanyanka aikin gunduwa-gunduwa. A kan kowace gunduwa na yi masa tambaya uku: kwana nawa idan komai ya tafi daidai, nawa idan ya tafi yadda ya saba, nawa idan aka ɗauke wuta kuma janareta ba mai. Mannir mutum ne mai kyakkyawan zato. Duk abin da ka tambaye shi, amsarsa ta farko ita ce, “Sati ɗaya ne, Malam.” Na koyi jiran amsa ta uku.

Zanen rahoton kansa ba ya cin lokaci. Abin da ke ci shi ne a yarda da ma'anar kalmomi. Ɗauki kalmar gida. Malamin gonar Tsafe ƙofa yake ƙirgawa, na Bungudu tukunya. Gidan Baba a Furfuri gida ɗaya ne a wurin wancan, a wurin wannan kuwa gida biyar ne, tunda yayyenki kowa da tukunyarsa. Gonar aro, ta mai ita ce ko ta mai noma ta? Wani ya rubuta amfani da dami, wani da buhu. Kekun Waje kuwa an rubuta sunansa iri uku, na'ura ta ɗauka garuruwa uku ne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai an tara mutane an daidaita. Da na haɗa lissafin duka, ya kai mu Yuli.

Yanzu ga inda aka kwana. Alhaji ya hana Turanci a taronsa. Ya ce jiha sabuwa ce, ta talakawa, kuma a ranar akwai wakilan manoma a ɗakin. Da ya tambaye ni, na buɗe baki zan ce Yuli, sai na tuna dokarsa, na ce watan bakwai. Ya ce madalla. Wakilan manoma suka gyaɗa kai, wani dattijo har da sa mini albarka. Na yi mamakin yadda aka karɓa ba gardama, don ban taɓa ganin shugaban da aka ce wa ya jira wata biyar ya ce madalla ba. Amma na tattara takarduna na fita ina jin daɗi.

Sai a rediyo na ji sauran maganar: “Watan bakwai, kafin ruwan shuka.” Ke 'yar manomi ce, kin riga ni ganewa. Ni na kalandar ofis na nufa. Su kuwa na manoma suka ji, wanda ke kamawa wajen Mayu. Tsakaninsu wata biyu, kuma a cikin wata biyun nan ake shuka, a yi noman firi, wato noman farko na cire ciyawa, a zuba taki. Takin da ya zo a Yuli ya makara. Mannir ya ce tunda haka ne mu ce Rajab muke nufi, shi ma ai watan bakwai ne, ya kai mu har bayan kaka. Kowa a ofis ya yi dariya ban da ni.

Abin da ya hana ni dariya shi ne Baba. Arzika, malamin gonar Bungudu, ya zo yau da safe da labari. Ƙungiyar manoman Furfuri ta gama shirin tura mutane Funtuwa su sayo taki tun yanzu, kafin ya ɓace daga kasuwa, kamar yadda suka saba. Jiya Baba, a matsayinsa na shugabansu, ya hana tafiyar. Arzika ya ce cewa ya yi, “Yaron gidana ka riƙe da aikin ga, kuma tun da ya shigo gidana ban taɓa kama shi da magana biyu ba.” Bai ambaci sunana ba, kin san shi. Aka fasa.

Zuwaira, ba zan iya duban mahaifinki in ce masa abin da ya ji ba haka yake ba. Idan za ki samu mota ranar Juma'a bayan an tashi makaranta, ki zo Furfuri ki gaya wa Inna, ita ta san yadda za ta gaya masa. Saƙon gajere ne: su tura mutanensu Funtuwa, kada su jira mu.

Ki shafa mini kan Wasila. Ki gai da malaman makarantarku. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Mahadi.

*

Tudun Wada, Gusau,
30 ga Maris, 1998.

Zuwa ga Zuwaira,

Aminci ya tabbata a gare ki. Ina gaishe ki da aiki, ina tambayar lafiyarki da ta 'yarmu. Wasiƙarki ta iso ta hannun direban mota, na ji daɗin jin tarin ya lafa. Kada ki damu da rashin zuwanki. Jarrabawa ba a barinta, kuma wahalar man nan ba ta bar kowa ba. Nan ma layin motoci a gidan mai ya zagaye unguwa.

Na ga Alhaji Jibo. Na roƙe shi ya koma rediyo ya gyara maganar. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Malam Mahadi, kai ka hwaɗi watan bakwai gaban jama'a. Ni ban san wani watan bakwai ba sai wanda ubana ya koya min.” Na ce haka ne, kuma ban zo neman mai laifi ba. Ya ce na sama da shi sun ji sanarwar, sun yaba, ba zai koma ya ce ɗan jaridarsa ne bai iya Hausa ba.

Sai ya kawo tasa shawarar. Ya ce rabon bara yana nan. Mannir ya zuba shi a kwamfuta, ya buga shi a takardar nan mai ramuka a gefe, shi ke nan, kwamfuta ta fitar. Wa zai tambayi na'ura a ina ta samo?

Zan gaya miki gaskiya, shawarar ta ja hankalina fiye da yadda ya kamata. Domin idan aka yi haka, taki zai isa Furfuri a kan lokaci, maganar Baba ta tsaya, ni ma in huta. Aikin yini ɗaya ne. Amma rabon bara shi ne wanda ya jawo koke-koken da suka sa aka sayo kwamfutar tun farko. Akwai ƙananan ƙauyuka da ba sa ciki sam, akwai sunayen mutanen da ba su taɓa riƙe fartanya ba. Na ce masa idan zai raba da na bara, yana da iko, amma ya fito ya ce na bara ne. Ya ce a'a, an riga an ce kwamfuta. Na ce to ba da hannuna ba.

Kafin ransa ya gama ɓaci na kawo tawa. A ajiye rahoto goma sha ɗaya sai Yuli, kamar yadda na ƙiyasta. A tsaya kan na taki kaɗai. Kuma kada a jira a gama ƙananan hukumomin uku a tare: a gama ɗaya, motocinta su tashi, a shiga ta gaba. Ya tambayi wacce za a fara. Na ce Tsafe, don ita ce a kudu, ruwa can yake fara sauka. Sai Gusau, sai Bungudu. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Bungudu ce ƙarshe? Ni na aza surukai aka hwara gaisuwa.” Na ce da na fara da su, shi ne zai fara faɗa. Ya yi dariya, ya yarda, amma ya ce idan ruwa ya riga ni, ni zan shiga rediyon in yi bayani.

Kin ga ke nan da hannuna na sa Furfuri a ƙarshen layi. Na juya abin ta kowane gefe, ban ga wani tsari da zan iya karewa a gaban mutane ba sai wannan.

Da na ga ba za ki samu zuwa ba, ranar Asabar na ari babur na tafi da kaina. Tun daga hanya nake shirya maganar, jimla uku kacal. Na tuɓe takalma a ƙofar zaure, na durƙusa. Baba yana zaune a kan buzunsa da abokan hirarsa biyu. Na gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. Muka yi gaisuwar gida, ta aiki, ta zafi, muka sake komawa ta gida. Duk lokacin da na ɗago kai zan fara, sai in ga dattawan nan biyu suna kallona da murmushi, irin kallon da ake yi wa wanda ake alfahari da shi. Can sai Baba ya juya wurin ɗayansu ya ce, “Ku hwaɗa ma baƙo mun ji aikin da aka yi. Allah shi yi albarka.” Na ce amin. Shi ke nan abin da na ce.

Na leƙa cikin gida don in ga Inna, na tarar ta tafi suna a wani ƙauye. Da zan tafi aka biyo ni da zabuwa an ɗaure mata ƙafa, wai in ji Baba. Tana nan a tsakar gidan da nake haya, ta hana maƙwabta sakat da kuka, ni kuma na kasa yanka ta.

Na yi shekaru ina yi wa manyan mutane tambayoyin da ba sa so, gabana bai taɓa faɗuwa ba. A zauren mahaifinki kuwa jimla uku sun gagare ni. Saboda haka abin ya dawo wurinki. Babbar salla saura kaɗan. Ranar da kika sauka, kafin ki kwance kaya, ki ja Inna gefe.

A gai da kowa da kowa. Ki ce wa Wasila na sayo mata yadin salla, kore kamar yadda ta ce.

Naki har kullum,
Mahadi.

*

Tsafe,
11 ga Mayu, 1998.

Zuwa ga Zuwaira, uwar Wasila,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun koma makaranta lafiya, kuma gajiyar salla ta bi jiki. Ki yi haƙuri da jinkirin wasiƙa. Tun da muka rabu ban zauna wuri ɗaya ba. Ina lafiya, sai rama kaɗan, wadda Mannir ya ce ta fi kyau da ni.

Watan ya kama. An gan shi, kuma kowane manomi da na gamu da shi sai ya tuna mini. Tsafe ta samu ruwan farko makon jiya, bai isa shuka ba, amma ƙasa ta yi ƙamshi.

Kin san Inna ta gaya wa Baba kafin ki tafi. Ga abin da ya faru bayanki, kamar yadda Arzika ya ba ni, kuma na tabbatar daga bakin yayanki. Baba ya tura mutum biyu Funtuwa a asirce. Sun dawo hannu rabbana, taki ya ɓace daga kasuwa. Labarin tafiyar ya fita. Ranar Juma'a bayan an idar da salla, Malam Tambaya, wanda kin san ya daɗe yana hangen kujerar ƙungiyar, ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce yana da tambaya. Wani ya ce ai dama sunanka ke nan. Aka yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya ce a gaya wa jama'a, wane watan bakwai ake jira, na Allah ko na surukin Malam Labbo?

Baba, da ya ji an ambaci sunansa, ya miƙe. Bai ce ni na yi kuskure ba, bai ce Alhaji ba. Ya ce shi ya hana tafiya Funtuwa, shi kaɗai, kuma ba wanda ya sa shi. Ya ce idan aka kammala noman firi a Furfuri babu taki, zai ajiye shugabancin ƙungiya a nan inda yake tsaye, a ba wanda ya fi shi kunne. Sannan ya ɗauki takalmansa ya tafi gida.

Tun kina 'yar firamare yake riƙe da ƙungiyar nan. Ba albashi a cikinta, ba rawani. Amma ita ce ta sa idan ya yi magana a garin ake yin shiru.

Game da aiki, rabon Tsafe ya fita, motocinta sun tashi shekaranjiya. Sai dai ya ci lokaci fiye da ƙiyasina, kuma gara ki san dalili, don abu ɗaya ke jiranmu a Bungudu. Na ware yini ɗaya don daidaita ma'anar gida. Ya ci mako guda. Mun zauna da masu unguwanni da malaman gona a harabar sakatariya, masu ƙofa suna ja, masu tukunya suna ja, kowa yana lissafin abin da zai fi amfanar garinsa. A ƙarshe wani mai unguwa da ya gaji ya ce taki ai ba a tukunya ake zuba shi ba. Daga nan muka bar gida muka koma gona: a ƙirga gona, a rubuta ta da sunan wanda zai noma ta bana, ko tasa ce ko ta aro. Wannan ya sa sai da Mannir ya sake ginin rahoton daga tushe.

Muna cikin haka sai ga Arɗo Hamidu, shugaban Fulanin da ke zaune yamma da gari, da sandarsa a kafaɗa. Ya ce ya ji ana ƙirga gonaki, shin geron da mutanensa ke nomawa a bayan ruga ba gero ba ne? Babu su a bayanan ko ɗaya, domin malaman gona sun ɗauka su na malaman dabbobi ne. Ba a cikin lissafina suke ba, amma gaskiyarsa ce. Muka bi rugage. Sannan janareta ya yi wani tari ya ƙona injin buga takardu, sai da muka aro na wata makaranta.

Alhaji ya sake tambayata yaushe Bungudu za ta fita. Wannan karon ban ambaci sunan wata ba, ko na wa. Na rubuta masa ranaku uku da lamba, na karanta masa da baki: idan an yi sa'a ƙarshen Mayu, abin da na fi zato makon farko na Yuni, idan abubuwa suka ɓaci tsakiyarsa. Ya ce shi ɗaya yake so. Na ce ɗaya ce ta kawo mu nan.

Amma ranar da ta fi muhimmanci ba a hannuna take ba. Daga ruwan shuka zuwa ƙarshen noman firi bai fi mako uku ba. Idan ruwa ya jinkirta a Furfuri, na samu sarari. Idan ya sauka da wuri, ban samu ba. Jiya da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, mutane suna fitowa suna duban sama suna murna, sai na kama kaina ina fatan iska ta watsa shi. Ni, surukin manomi, a ƙasar da ake fita roƙon ruwa. Na yi istigfari. Na gaya miki ne don ba ni da wanda zan gaya wa.

Gobe za mu koma Gusau. Ki sa mu a addu'a, ki sa Baba a gaba.

Mai kewarku,
Mahadi.

*

Tudun Wada, Gusau,
Alhamis, 4 ga Yuni, 1998.

Zuwa ga matata Zuwaira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya, kuma ruwa ya iso muku ya rage zafi. Ina rubutu ne da sauri, direban da zai kawo miki ya ce da ya cika zai tashi.

Ruwan shuka ya sauka a Furfuri mako biyu da suka wuce, ruwa sosai, washegari gari ya fita shuka. Gero ya tsiro da kyau. An shiga noman firi tun farkon makon nan. Arzika ya ce Malam Tambaya ya riga kowa, ya ɗauki 'yan ƙodago, ya kuma fara da gonarsa ta bakin hanya don kowa ya gani. Baba yana nasa noman da yayyenki, ba ya sauri, ba ya nawa. Arzika ya ba su shawarar su ɗan ja ƙafa. Baba ya ce ciyawa ba ta san da alkawarinsa ba.

Gusau ta fita makon jiya. Rabon Bungudu ya fito daga na'ura ranar Litinin. Ina dubawa na ga kason Furfuri ya fi na garuruwan da ke kusa da shi girma, fiye da yadda hankali zai ɗauka. Muka bi diddigi. Ashe manyan gonakin gandu an shigar da su sau biyu, sau ɗaya da sunan uba, sau ɗaya da sunan 'ya'ya. Gonar Baba ta fadama tana ciki. Mannir ya ce, “Malam, wannan kuskure ne mai albarka, wa zai kai ƙara?” Na ce abin da ya ƙaru a nan daga wani gari ya ragu, kuma ranar da aka gano, ba sunana za a kira ba, na Baba za a kira. Gyaran ya ci mana yini guda. Na san abin da yini guda yake nufi a makon nan. Kason Furfuri ya ragu, amma duk da haka ya fi na bara.

Alhaji ya sa hannu jiya. Ya ce, “To, ɗan jarida, saura mai.” Gaskiyarsa kuwa. Manyan motoci uku aka ware wa Bungudu, man gas ɗin da aka samu na ɗaya ne. Mai kula da sito ya tambaye ni ina za a fara kaiwa. Na ce aikina ya ƙare a kan takarda, wannan nasa ne da direbobi. Ya dube ni kamar yana jiran in ƙara wani abu. Ban ƙara ba. Ban sani ba ko daidai na yi. Idan kin ga ban kyauta wa mahaifinki ba, ki faɗa mini, zan saurara.

Gobe Juma'a. Yawancin gonaki sun kusa gama firi, ba wanda zai jira wata Juma'ar, saboda haka goben ce ranar da Tambaya zai sake miƙewa. Na yanke shawara zan yi sallar a Furfuri, ko taki ya isa ko bai isa ba. Idan za a yi magana a kan watan bakwai, ni na faɗe shi, gara a yi ina tsaye a wurin. Na aika wa yayanki ya sanar da Baba, don kada ya gan ni kwatsam.

Motar ta tashi daga sito yau da hantsi. Wani direban haya ya ce ya gan ta ta karya hanyar Furfuri. Wani kuma ya ce ya wuce ta tana miƙe hanyar cikin garin Bungudu. Dukansu sun rantse. Arzika ya hau babur bayan azahar don ya gano da idonsa, har yanzu da ake kiran la'asar bai dawo ba.

Direba yana ta hon. Ki gai da Wasila, ki riƙe ta da kyau. Allah ya tsare mini ku.

Mijinki,
Mahadi.